Kafin ka sake sayen shaft: jagora ga mai motar dizal da aka ƙara wa ƙarfi

Motar dizal idan aka buɗe mata ƙarfi, wato aka sake rubuta ƙwaƙwalwarta, aka ɗaura mata babban turbo da nozul masu zuba mai da yawa, abin da ke fara kuka shi ne kuloci. Da an canza shi an sa mai riƙo, sai kukan ya koma kan shaft, ƙarafan nan biyu da ke ɗauko juyi daga giyabos su kai wa tayoyi. A nan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har cikin Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, buƙatar da mai irin wannan mota ke zuwa da ita guda ce: a samo masa mai kauri. Kauri yana da ranarsa, za mu zo kansa. Amma wanda ya fara da sayen ƙarfe bai binciki abin da ya karya na farkon ba, to zai sake saye, ko kuma ya tura matsalar cikin giyabos inda kuɗin gyara ya ninka.

Zan riƙa misali da Golf 4 mai injin 1.9 TDI da 'yan gidansu irin Bora da Octavia da A3, domin su aka fi taɓawa kuma kayansu ba su da wuyar samu. Ƙa'idar dai ɗaya ce ga duk motar da ke ja da tayoyin gaba.

Fara da biro da takarda

Injin 1.9 TDI mai doki 90 yana fitowa daga kamfani da ƙarfin juyi Nm 210 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi). Mai doki 130 yana ba da Nm 310, mai 150 kuma 320. Wanda aka yi wa aiki sosai yakan kai 450. Wannan adadin a bakin inji ne. Kafin ya isa shaft sai giya ta ninka shi. A giyabos mai giya biyar na ƙaramin injin, wanda ake kira 02J, giya ɗaya tana ninkawa kusan sau 3.78, babbar giyar difarenshiyal, wato abin da ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu, ta sake ninkawa kusan sau 3.39. Ka haɗa biyun, ka sami wajen 12.8. Ke nan Nm 210 ya zama kusan 2,700, kowane shaft ya ɗauki rabi, wajen 1,350. Idan injinka ya koma 450, kowane gefe a takarda yana fuskantar kusan 2,900. An ninka masa kaya fiye da sau biyu, alhali ƙarfen shi ne dai na jiya.

To ga inda mutane da yawa ba sa dubawa. Tayar gaba ɗaya tana ɗauke da wajen kilo 400. A kan busasshiyar kwalta mai kyau, juyin da za ta iya riƙewa kafin ta fara sulɓi bai wuce Nm 1,200 zuwa 1,300 ba. Ma'ana, a giya ɗaya taya za ta yi kartar ƙasa tun kafin shaft ya ga wannan 2,900 ɗin. Idan haka ne, me ke karya shi?

Fizga ce. Igiyar guga ba nauyin ruwa ke tsinka ta ba, sai an saki guga ya tafi a guje sannan aka riƙe shi farat ɗaya. Taya ta samu yashi a bakin titi ta yi ta juyawa a banza, inji ya tashi, sai kwatsam ta taka kwalta ta cafke. Duk gudun da inji da filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da kuloci ke kamawa, suka tara ya sauka kan shaft cikin ƙiftawar ido. Haka idan taya ta shiga tsalle-tsalle wajen tashi, tana kamawa tana saki, gaban mota yana buga "dum-dum-dum". Haka idan ka sauko daga kan tudun rage gudu ƙafarka na kan totur. Titunanmu kuwa cike suke da duka ukun: yashin da ruwan sama ke sharowa kan kwalta, ramuka, da tuddan da kowace unguwa ke ginawa da nata tsayin. Sai kuma abu na biyu, lanƙwasa. Kan shaft na waje yana iya aiki har kusan digiri 45, amma ƙarfinsa a miƙe daban, a lanƙwashe daban. Ka murza sitiyari har ƙarshe za ka fita daga kwana sannan ka danna totur, ka haɗa masa mafi munin yanayi ke nan.

Riƙe waɗannan biyun a ranka, fizga da lanƙwasa. Duk matakan da ke tafe a kansu aka gina su.

Karanta wanda ya karye

Kada ka bari yaran shago su jefa tsohon shaft cikin tarin ƙarafa. Ka ce wa mai gyaranka, "Masta, a wanke mini shi da kananzir mu duba tare." Shi ne shaidarka.

Kowane shaft kashi uku ne. Akwai kan waje, wajen taya, mai ƙwallaye shida cikin keji, irin ƙirar da injiniyan Ford, Alfred Rzeppa, ya fito da ita a shekarun 1920. Akwai sandar tsakiya. Akwai kan ciki, wajen giyabos, wanda ke shiga yana fita yayin da mota ke hawa da sauka. Wani mai rola uku ne, wani mai ƙwallaye.

Idan kejin kan waje ne ya tarwatse, ka tuhumi lanƙwasa da tashi da sitiyari a murɗe. Idan ka ga ramin da ƙwallaye ke bi ya ci, ya yi gurbi, giris ɗin ya koma jar laka mai tsakuwa a hannu, wannan ba laifin ƙarfin inji ba ne. Robar da ke rufe kan ce ta yage tuntuni, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga. Idan ƙarfen kan ciki ya yi shuɗi ko ruwan toka, giris ya bushe ya yi ƙauri, zafi ne, kuma galibi gefen dama ne inda bututun hayaƙi ke wucewa kusa. Idan sandar ce ta tsinke daidai gindin haƙoran da ke ƙarshenta, inda take shiga cikin kai, kalli haƙoran da kyau. In sun karkace sun bi gefe guda, an murɗe ƙarfen ne har ya wuce iyakarsa, kuma a nan ne kawai za a ce lalle kana buƙatar wanda ya fi shi ƙarfi. In kuma wurin karayar yana da wani sashe mai santsi da layuka zagaye-zagaye, sauran kuma garas-garas, tsagewa ce da ta daɗe tana ci a hankali, ranar ƙarshe kawai ta ƙarasa.

Wanda nasa bai kai ga karyewa ba ya saurari motarsa. "Ƙas-ƙas-ƙas" a kwana kan waje ne. Rawar jiki idan an taka totur, ta ɗauke da an ɗaga ƙafa, galibi kan ciki ne. Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta masu tsere: ka ja miƙaƙƙen layi da farin fenti daga wannan ƙarshen sandar zuwa wancan. Bayan mako biyu ka leƙa. In layin ya karkace, sandar ta fara murɗewa, kwananta ya kusa.

Gyara abin da ke kawo fizga tukuna

Wannan matakin shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ka sa wani ya zauna a mota, ya ja birkin hannu, ya taka birki, ya sa giya ɗaya ya ɗan saki kuloci kaɗan, kai kuma kana tsaye daga gefe, ba a gaban motar ba, bonet a buɗe. In ka ga inji yana tashi yana komawa da yawa, injin sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu, sun mutu. A Golf 4 akwai na ƙasa, wanda ya haɗa giyabos da ƙarfen gindin mota, shi ke hana inji wuntsilawa idan an ba shi wuta. Robarsa idan ta saki, tsallen taya ya samu ƙofa. Canza shi, kuma ga motar da ta wuce Nm 350 a sa mai tauri. Za ka ɗan ji karkarwar dizal a sitiyari idan mota na tsaye. Farashinsa ke nan, kuma ya fi sauƙi a kan sabon shaft.

Daga nan ka bi bushin na lowa am, hannun ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, musamman na baya, da bol join, da shokazoba. Shokazobar da ta mutu ba ta iya danne taya a ƙasa, taya kuwa in ta tashi ta dawo, shaft ke biya.

Sai tsayin mota. Matasa suna son a sauke ta ta kwanta, ana yanke sifirin. Wasu kuma saboda ramuka suna sa a ɗaga ta da roba a saman shokazoba. Duka biyun suna canza kwanciyar shaft. Ka durƙusa ka hango shi daga gaba mota na tsaye a wuri mai daidai: ya kamata ya kusa miƙewa, da ɗan gangare kaɗan zuwa wajen taya. In ka ga ya yi tsaye sosai, ko ya juye yana hawa zuwa taya, gyara tsayin kafin komai. A motar da aka sauke da yawa, shaft na dama yakan goge jikin shasi, za ka ga wurin ya yi ƙyalli. Masu Hilux da Navara da ake ɗagawa don shiga daji, wannan maganar ta fi shafar ku, domin kawunan gabanku kullum a lanƙwashe suke aiki.

Kuloci ma yana da hannu. Filawil na asali mai ɓari biyu yana shanye bugun dizal. Idan aka cire shi aka sa na ƙarfe guda, a tabbata faifan kulocin mai sifirin ne a tsakiya. Faifan da ba shi da sifirin, mai kama farat ɗaya, na filin tsere ne, ba na go-sulon Kejetia ba. Sannan ka koma wajen wanda ya rubuta maka ƙwaƙwalwa ka roƙe shi ya sassauta yadda ƙarfin ke shigowa ƙasa da juyi 2,000 a minti, ya zo a hankali maimakon ya faɗo gaba ɗaya. In ƙwaƙwalwar motarka tana ba da dama a rage ƙarfi a giya ɗaya da biyu, a rage. Ba abin da ka rasa, tunda mun ga taya ba ta iya riƙe shi dama.

Zaɓen shaft

Hanya uku ce, kuma ina da wadda na fi so.

Ta farko, shaft na asali mai lafiya. Mutane suna raina shi, alhali na kamfani, irin wanda kamfanin GKN ke ƙerawa, ya fi yawancin sababbin da ke zuwa cikin kwali mai ƙyalli da araha. Ga motar da ba ta wuce Nm 330 zuwa 350 ba, an kuma gyara abubuwan da muka lissafa, a ganina hom-yus, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a ƙasar waje, na asali mai kyau da sabuwar roba da sabon giris ya wadatar. Wajen saye, a Magazine ne ko a Abossey Okai idan ka sauka Accra, ka riƙe sandar da hannu ɗaya ka murɗa kan da ɗayan, hagu da dama. Kada ka ji wasa ko ƙas. Ka lanƙwasa shi ta kowane gefe, ya tafi sumul ba tare da ya cije ba. Ka nemi a zame robar ka ga cikin da idonka. Mai kaya da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba. Lura kuma, na dama a waɗannan motocin ya fi tsawo, kuma na asalinsa bututu ne mai faɗi, cikinsa rami. Da gangan aka yi shi haka don ya yi tauri wajen murɗawa kamar gajeren na hagu. Na arahar da ke zuwa da siririyar sanda cikakkiya yakan kawo rawar jiki, motar kuma ta riƙa fizgar sitiyari gefe idan an taka.

Ta biyu, wadda na fi ba da shawara ga wanda ya wuce nan: ɗauko na babban yayanta a gida ɗaya. Ƙananan TDI suna zuwa da kan ciki mai faɗin milimita 100, ana ɗaure shi da bolt shida masu kaurin milimita 8. Manyan injuna da giyabos mai giya shida, 02M, suna amfani da mai milimita 108 da bolt masu kaurin 10. Ana iya canza faifan da ke fitowa daga giyabos, filanji, a sa na 108, sannan a ɗaura shaft ɗin da ya dace da shi. Sai dai a kula da abu biyu. Filanjin wani turawa ake ya kama da kilif, wani kuma bolt ne a tsakiyarsa, ba sa shiga wurin juna. Tsawon shaft na giya shida kuma ba ɗaya ba ne da na giya biyar. Don haka ba a sayen wannan da ido ko da "ai duk Golf ne". Lambar giyabos ɗinka, da lambar da ke jikin shaft, da awo, su ne za su yi magana. Kuma wanda ƙarfinsa ya haura 400 ya kamata ya yi tunanin ɗauko giyabos mai giya shidan gaba ɗaya da shaft ɗinsa da kulocinsa, domin a wannan matakin 02J ɗin kansa ya fara gajiya.

Ta uku, shaft na musamman da ake ƙerawa da nau'in ƙarfe mai ƙarfi da ake kira 4340 ko 300M, a yi odarsa daga Amurka ko Turai. Yana da kyau ƙwarai, yana da tsada, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Wanda ke fita tsere da tayoyi masu ɗanko shi ke buƙatarsa. In za ka yi oda, ka aika musu awon motarka yadda take a yanzu, ba yadda kamfani ya fito da ita ba.

Game da kauri: ƙarfin sanda wajen jure murɗawa yana ƙaruwa ne da kaurinta a ninka da kansa har sau uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Sanda mai milimita 28 ta fi mai 25 da kusan kashi 40 cikin 100, duk da bambancin milimita uku ne kacal. Amma inda za ka auna ba tsakiyar sanda ba ne. Ka sa baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, a wuri mafi siranta, gindin haƙora ko ramin sakilif, zoben ƙarfen da ke riƙe kan. A nan take tsinkewa. Sanda mai ƙiba a tsakiya da haƙora irin na da, ba ta ƙara maka komai ba sai nauyi.

Zan tsaya a kan walda, domin na san za a ba ka wannan shawarar. Magazine cike take da masu hannu, masu injin sassaƙa ƙarfe da masu walda da ke iya fitar da abin da ba ka zata ba, kuma ina girmama su. Amma yanke shaft biyu a haɗa da walda don a samu tsawon da ake so bai dace da wannan motar ba. An gasa fatar ƙarfen shaft ne ta yi tauri, cikinsa aka bar shi da ɗan laushi don ya jure murɗa. Zafin walda yana rushe wannan tsarin daidai inda aka haɗa. Ga keken kaya ko ƙaramar mota mai lallaɓawa yana iya kai wani lokaci. Ga mai Nm 450, ranar da zai saki za ta iya zama ranar da kake wuce tirela a hanyar Techiman, guntun kuma yana iya dukan tiyon birki. Amfanin shaft ɗin da aka haɗa da walda ɗaya ne: a yi shi a matsayin samfur don a gane tsawon da za a yi oda.

Kada ka manta da difarenshiyal

Idan shaft ya daina karyewa, fizgar ba ta ɓace ba, ta nemi na gaba a layi. A giyabos 02J da wanda ya gabace shi, 02A, babbar giyar difarenshiyal da ribit aka kama ta, kuma sananne ne cewa ribit ɗin nan sukan saki idan ƙarfi ya yi yawa, su huda kaskon giyabos. Maganinsa a cire su a sa bolt masu ƙarfi da aka yi domin wannan aikin. In aljihu ya ba da dama, tunda an riga an buɗe, a sa difarenshiyal mai hana taya ɗaya juyawa a banza, irin na Quaife ko Wavetrac ko Peloquin. Yana rage sulɓin nan da cafkewar da muka ce ita ce babbar mai kisa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi wa difarenshiyal walda a motar da ke ja da gaba. Sitiyari zai ƙi kwana, kawunan waje kuma ba za su yi wata guda ba.

Awo kafin ɗaurawa

Ajiye sabo kusa da tsoho a ƙasa. Ƙirga haƙoran kan waje, ka zura shi cikin hob, cibiyar da ake ɗaure taya a kai, ka ji ya shiga daidai ba wasa. A wasu motocin zoben ABS a jikin kan shaft yake. In naka haka ne, ƙirga nasa haƙoran ma, in ba haka ba fitila za ta kama, birki ya riƙa yin abin da ba a sa shi ba.

Sai awon da ya fi kowane muhimmanci, na shiga da fitar kan ciki. Ɗaura shaft ɗin na wucin gadi, a dafa lowa am da jak har taya ta zo tsayin da take zama idan mota na ƙasa. Kwance bolt ɗin kan ciki, ka tura shi ka ja shi da hannu. Dole ya kasance yana da sauran wuri ta ɓangarorin biyu, yana zaune kusan tsakiyar tafiyarsa. A sake gwadawa an saki ƙafar ta rataya, a sake an danna ta sama, sannan da sitiyari a murɗe hagu da dama. Shaft da ya yi tsawo zai riƙa dukan cikin filanji duk lokacin da ka faɗa rami, har ya kashe boris na giyabos. Wanda ya yi gajarta kuma rolarsa za ta zame ta fito daga gidanta.

Ɗaurawa

Mota ta hau kan ƙafafun ƙarfe, a wuri mai tauri. Jak kaɗai ba ya riƙe rai, bulo kuma yana fashewa ba sallama.

Babban notin tsakiyar taya yana da tauri. Wani ya taka birki a sassauta shi da doguwar sifana. Da zarar an sassauta, kada a tura motar, kada a bar nauyinta a kan tayar, domin wannan notin ne ke matse boris ɗin taya. Taku kaɗan a haka ya isa ya lalata shi, bayan wata ɗaya ka fara jin gurnani ka rasa daga ina. Bolt shida na kan ciki a waɗannan motocin kansu mai tsini goma sha biyu ne. A kankare ƙasar da ta cike ramin da ƙusa, a buga makullin da ya dace ya zauna har ƙasa. Wanda ya sa alan ki na gama-gari zai cinye kan, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Kafin a kwance bolt uku na bol join daga lowa am, a zagaye mazauninsu da fenti don a mayar da su inda suke. A ja hob waje a zare shaft. In ya cije, a mayar da tsohon noti a bakin zaren a buga a kansa, ko a sa abin turawa. Ba a dukan zaren kai tsaye. Kada kuma a bar shaft yana reto da nauyinsa a kan kai ɗaya, a ɗaure shi da waya.

In za a canza filanji, man giyabos zai zubo. Tara shi, ka duba ko da ƙyallin ƙarfe a ciki, ka sa sabon oyal sil, ka zuba sabon mai bayan an gama.

Giris ba kowanne ba. Kai mai ƙwallaye yana son baƙin nan mai sinadarin moli, wanda aka yi domin kan shaft. Mai rola uku yana da nasa mai ɗan ruwa-ruwa, saboda ƙananan alluran da ke cikin rolar. Giris ɗin boris na gwangwani, ja ko rawaya, ba na nan ba ne. Yawanci kowane kai yana cin giram 80 zuwa 120. Ka juye duk ƙunshin da ya zo da robar, rabi a cusa cikin kan har ya fito ta baya, rabi a cikin roba. Kafin a matse ƙaramin kilif, a zura siririn sukundireba marar kaifi ƙarƙashin leɓen robar iska ta daidaita, don kada ta kumbura ko ta tsotse. Kilif kuma na ƙarfe, a matse shi da filayarsa. Wayar ɗauri da tsinken tsohon tiyub da ake naɗawa su ne mafarin jar lakar nan da muka gani a tsohon.

Fuskar filanji da ramukan bolt su bushe ƙarau, ba ɗigon giris. Bolt ɗin kan ciki da ke kwancewa a hanya, yawanci giris ne ya shiga zarensu. Sababbi za a sa, tare da 'yan farantan da ke haɗa su biyu-biyu. A ɗaura su duka da hannu, a bi su a gicciye a ɗan matse, sannan a ƙarasa da sifanar awo, wadda ke auna ƙarfin matsi: a Golf 4, Nm 40 ga masu kaurin 8, Nm 70 ga masu 10. Babban notin taya sabo ake sawa kowane karo, kuma yadda ake matse shi ya bambanta daga mota zuwa mota, wani da awo sannan a ƙara wasu digiri. A duba littafin motar a bi shi. Tsayawa kan bututu a yi tsalle ba awo ba ne. In shagon da kake zuwa ba su da sifanar awo, ka saya ko ka aro ka kai musu. Ba raini ba ne, kuma masta na gari zai karɓa.

Farantin kare zafi da ke saman kan ciki na dama, a mayar da shi. Sau da yawa ana cire shi ranar da aka sa babban bututun hayaƙi, ba a sake waiwayarsa. In ya ɓata, a lanƙwasa wani da falangen alminiyom, a bar tazarar iska tsakaninsa da roba.

Gwaji

Kafin a sauke mota, a juya kowace taya da hannu, sitiyari a miƙe, sannan a murɗe ƙarshe zuwa ƙarshe. Ba gogayya, ba cijewa, roba ba ta taɓa komai. A sauke, a kai ta alaimen tunda an taɓa bol join.

Nemi fili ka yi zagaye a hankali, hagu sannan dama, gilashi a sauke kana saurare. Ka hau titi mai kyau, ka sa giya uku daga ƙaramin gudu ka taka a hankali har ƙasa, ka ji ko akwai rawa. Kilomita 200 na farko ka bi ta da lallami. Bayan kilomita 50 a sake bin bolt shida na kowane gefe da sifanar awo, a ɗiga wa kowanne fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfe, ta yadda ko da leƙe za ka gane in ɗaya ya motsa. A sake jan farin layin nan a sabuwar sandar.

Daga nan sauran aikin na ƙafarka ne. Miƙe sitiyari kafin ka ba ta wuta. Da ka ji taya ta fara tsalle, ɗaga ƙafa nan take, kada ka ce za ka danne ta ta wuce. A kan tudun rage gudu da bakin rami ka saki totur har tayoyin gaba su zauna. Ƙarfin da ka biya kuɗi aka ƙara maka, a giya uku zuwa sama ake cin moriyarsa. Duk lokacin canjin man inji ka sa a murɗe sitiyari a duba lungunan robobin nan huɗu, ka fi matsawa a damina da kuma bayan doguwar tafiya arewa, Tamale ko Bawku. Ɗigon baƙin giris a cikin rim ko jikin shokazoba yana nufin roba ta huje, a canza ta a makon.

In kuma tsautsayi ya sa shaft ya tsinke maka a hanya, inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi. Sani cewa a wannan halin barin ta cikin giya ba ya riƙe ta, Kumasi kuwa gari ne mai gangare. Ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya, kashe inji don guntun ya daina dukan abin da ke kusa da shi. A ɗauke ta a kan motar ɗaukar mota. In dole sai an ja ta da igiya, a cire karyayyar sandar amma a bar kan waje cikin hob da notinsa a matse, don boris ɗin taya ya zauna a haɗe.